Bayan Takardar Wuta

A bayan takardar kuɗin wuta na rubuta su,
ita kaɗai ta rage a ɗakin da sauran fili.
Biron ma na Nusaiba ne, na aikin makaranta.

Na hau danfo daga Idi-Araba rana ba ta fito ba,
kwandasta na kiran Oshodi kamar mai bin bashi,
ni kuwa ina jan tambayoyina da yatsa
yadda ake jan carbi.

Ta fari:
sakin da ya shigo waya ƙarfe biyun dare,
kalma huɗu, ko sallama babu,
aka goge shi kafin kiran assalatu,
ya saku ko bai saku ba?
Ni dai na karanta,
kuma ido ba shi da magogi.

An ce mace a ɗakinta take idda.
To, ɗakin na Alhaja ne, haya ta ƙare tun watan jiya.
Ina ƙirga tsarki uku,
tana ƙirga mini kwana bakwai.
Lissafin wa zan bi?

Sai firij.
Adashin wata goma sha ɗaya na zuba,
zoɓo da kunun aya, ƙulli bayan ƙulli,
har igiyar leda ta yi mini kanta a yatsu.
Ranar saye ina kwance da laulayi,
Sallau ya tafi Alaba,
rasit ya dawo da sunansa.
Shin gumi yana tsayawa shaida?

Muddassir kuma, shekara bakwai.
Kakarsa ta aiko daga Funtuwa a sa shi a mota,
wai ɗa na uba ne.
Yaron da ko a mafarki Yarabanci yake yi,
wanda ba ya barci sai ya damƙe bakin zanena,
shi ma a rasit ɗin wa aka rubuta shi?

Lauyar Ikeja mai kirki ce, ta ba ni ruwa mai sanyi.
Ta ce ina takardar aure.
Na ce goro ne da alawa da fatiha
a wani masallacin Agege.
Shaidu fa?
Ɗaya ya kwanta dama,
ɗaya ya koma gida tun da aka ƙwace masa babur.
Ta cije murfin biro, ta ce in fara ganin malamai.

Malamai suka ce rubutu ma furuci ne,
amma sai an ji ta bakinsa.
A fadar Sarkin Hausawa aka ce
haƙuri, Lantana, zo da shi.
Da wa?
Kwanansa tara a layin tankoki a Apapa,
waya a kashe,
ko ni kaɗai aka kashe wa, oho.

In kuwa ya ce bai saka ba, na ce ni na gaji,
sai in mayar da sadaki, haka suka ce.
Dubu talatin ne a shekarar da aka ɗaura,
lokacin tana sayen keken ɗinki har da canji.
Yau buhun shinkafa ya fi ƙarfinta.
Wanne zan mayar, na jiya ko na yau?
Shekaruna goma sha biyu fa,
wa ke mayar da su?

Akwai wata can ƙasa, inda takardar ta naɗe.
Ba ta lauya ba ce, ba ta malam ba,
ban karanta wa kowa ba.

Magatakarda ya karɓa, ya juya, ya sake juyawa,
ya gyara tabarau.
Na matso, na ce ga amsa ta zo.
Ya ce: Hajiya, wannan wutar ba ku biya ba,
ranar Alhamis za su yanke.

Na iso gida kwata ta cika har ƙofa,
takalmi a hannu, takarda a cikin ɗankwali.
Nusaiba na tsaye a dakali.
Ba ta ce me suka ce ba.
Ta ce, Umma, birona.